Jami'a, Cibiyar Bincike, Kamfani ko Lambun Kanka: Ina Ya Dace Mai Ilimin Noman Lambu Ya Dosa?

Ɗalibin da ya gama digirin aikin gona da sakamako mai kyau, zuciyarsa kuma ta karkata ga kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, yakan dawo daga bautar ƙasa ya tarar shawarwari sun yi masa yawa. Malaminsa na cewa ya dawo sashe a riƙe shi, wata rana ya zama farfesa. Yayansa na cewa ga kamfanin iri can na ɗaukar ma'aikata, har da babur ake bayarwa. Baba kuwa fadamar gado yake nuna masa, yana cewa wannan boko da aka sha wahala a kansa ai a nan ya kamata a ga ranarsa. Babu maƙaryaci a cikinsu. Abin da ya raba su shi ne kowa da abin da yake dubawa, shi ya sa kafin a taɓa kowace hanya gara a fara jera abubuwan da za a auna ta da su.

Ma'aunan da za a bi

Na farko farashin shiga, kuma a wannan fage shekaru sun fi kuɗi tsada. Digirin aikin gona a Najeriya shekara 5 ne, ɗaya daga ciki a gona ake yin ta. Sai shekarar bautar ƙasa. Digiri na biyu a takarda shekara 2 ne, na uku shekara 3, amma wanda ya yi su ya san takarda daban, rayuwa daban.

Na biyu abin da ke shiga aljihu, da lokacin da yake shiga. Na uku ɗorewa: shin aikin zai kai ka furfura, ko kuwa kwantiragi ne da zai ƙare ya bar ka a tsaye? Na huɗu sauƙin shiga da sauƙin zama. Na biyar haɗari.

Akwai na shida da masu ba da shawara ba su cika kawowa ba, alhali a wajen ɗan lambu shi ne uwa-uba: wa ke riƙe da lokacinka idan lokacin shuka ya zo? Malamin tarihi zai iya ajiye bincikensa wata shida ya dawo ya tarar da shi yadda ya bar shi. Tumatirin rani ba haka yake ba. Ana zuba iri a ƙarshen damina, a yi dashe bayan kamar mako uku zuwa huɗu, domin ya yi fure cikin sanyin hunturu. Idan aka makara har zafin Maris da Afrilu ya riske shi da fure, furen ya dinga kakkaɓewa ke nan, shekara ta tafi. Mangwaro mai aure kuwa sai ya shekara uku zuwa biyar kafin ya fara ba ka abin aunawa. Duk aikin da zai hana ka kuɗi, ruwa ko fili a watan da shuka ke buƙata, to ya hana ka aikinka gaba ɗaya, komai kyan sunansa.

Jami'a

A nan ne matakala ta fi tsawo. Mai digiri na farko yana shiga a matsayin mataimaki, idan ya samu digiri na biyu ya zama mataimakin lakcara, sai lakcara mai daraja ta biyu, ta ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa. A yawancin jami'o'i sai an shekara 3 a mataki kafin a nemi na gaba, kuma ba a kaiwa babban lakcara ba tare da digiri na uku ba. Wanda ya shigo da digirinsa na uku a hannu, komai ya tafi masa daidai, yana buƙatar aƙalla shekara 12 kafin a kira shi farfesa. Wanda ya fara daga ƙasa ya sa ran shekara ashirin ko kusa da haka. A matakai biyu na ƙarshe ba sashenka ba ne ke yanke hukunci. Ana tattara muƙalun da ka wallafa a aika wa wasu farfesoshi na wasu jami'o'i, galibi mutum uku, su tantance ba tare da ka san su ba, wani lokaci amsa ta shekara ba ta dawo ba.

Muƙala kuwa a noman lambu ba a kan tebur ake samun ta ba. A ce kana son sanin tazarar dashe da yawan taki da suka fi dacewa da albasa. Za ka yanka fili fangali-fangali, kowane da turke da lamba, ka maimaita kowane gwaji sau uku ko huɗu a warwatse don kada albarkar wani ɓangaren ƙasa ta ruɗe ka. Duk bayan mako biyu kana tsugune da sassafe, kai da ɗalibai, ana ƙirga lawashi ana auna tsawo da magwaji. Ranar cira a auna kowane fangali a sikeli, a ware manya da ƙanana da masu tagwaye, sannan a ajiye wasu a rumbu a dinga duba nawa suka ruɓe, nawa suka tsira. Bayan duk wannan, mujallar kirki za ta ce maka sakamakon rani ɗaya bai isa ba, a maimaita a shekara ta biyu ko a wani gari. Idan awaki suka ɓalle suka shiga, ko injin ban ruwa ya tsaya kwana goma, lissafin ya lalace. Shi ya sa za ka ga malaman wannan fanni da yawa sun fi son alayyafo da kuɓewa da latas, masu saurin ba da sakamako, ana ƙaurace wa lemu da mangwaro da dabino. Tsarin ƙarin girma ne ya tura su haka, kuma ƙasa ce ke asara, domin itatuwan ne suka fi buƙatar mai haƙuri.

Koyarwa ita ce ɗaya rabin. Darussa irin su renon iri, auren bishiya, noman kayan miya, adana amfani bayan girbi, sai duba furojet ɗin 'yan aji biyar, sai ɗaruruwan takardun jarrabawa, sai tarukan kwamiti da ba sa ƙarewa. A Arewa ba ka cika samun sashen noman lambu mai zaman kansa ba. Galibi yana cikin sashen nazarin amfanin gona, don haka kada ka yi mamaki idan aka ɗora maka darasin masara da dawa. Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta, wadda aka kafa a 1988, na cikin waɗanda ke da sashe na musamman. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Bayero a Kano, da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ƙarfin yana wajen mutane da filayen gwaji ne, ba sunan sashe ba.

Batun albashi sai a faɗi gaskiya. A lokacin yajin aikin 2022, ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi ta nanata cewa farfesan da ya kai ƙarshen matakala bai kai naira dubu 500 a wata ba, a kan tsarin da aka yi yarjejeniyarsa tun 2009. An yi ƙari daga baya, amma a tsakani naira ta faɗi: dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ƙaramin malami kuwa abin da yake ɗauka ba ya kai shi ƙarshen wata sai da dabara. Abin da ke raba malamin da ke walwala da wanda ke kuka ba albashi ba ne, tallafin bincike ne. Asusun TETFund, wanda dokarsa ta yanzu ta 2011 ce, yana ɗaukar nauyin karatun malaman jami'o'in gwamnati, yana kuma da gasar kuɗin bincike ta ƙasa. Akwai cibiyoyi irin su Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, wadda ta shiga tsarin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ke tallafawa, ta samu ɗakunan gwaje-gwaje da gonar koyarwa da ba kowane sashe ke da irinsu ba. Wanda ya iya rubuta takardar neman tallafi, ya kuma iya riƙe amanar kuɗin, rayuwarsa a jami'a daban ce.

Ta fuskar ɗorewa babu mai ja da jami'a. Dokar 2012 ta kai shekarun ritayar farfesa 70, sauran malamai 65. Ga hutun sabatikal, wanda malami ke ajiye aji ya tafi bincike ko aiki a wani wuri, ga damar koyarwa ta wucin gadi a wata jami'ar, ga 'yancin zaɓar abin da za ka bincika ba tare da wani manaja ya tambaye ka ribar wata uku ba. Ga kuma ɗalibai, waɗanda bayan shekara goma sha biyar za ka tarar da su a ma'aikatu da kamfanoni suna buɗe maka ƙofa.

Haɗarinta sananne ne: yajin aiki. A 2020 an rufe azuzuwa daga Maris zuwa Disamba. A 2022 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, gwamnati kuma ta riƙe albashi. Ga ɗalibin digiri na uku da gwajinsa ke cikin gonar jami'a, wannan ba jinkiri ba ne kawai, rani ne ko damina ta salwanta. Shiga ma ba sauƙi: sai sakamako mai daraja ta ɗaya ko babbar daraja ta biyu, sai gurbi ya samu, kuma kowa ya san sau da yawa sai da wanda zai tsaya maka.

Cibiyoyin bincike na gwamnati

Gidan binciken noman lambu na ƙasa shi ne NIHORT, wanda aka kafa a Ibadan a 1975, yana da rassa har da Bagauda a jihar Kano da Dadin Kowa a jihar Gombe. A Dadin Kowan ma akwai Kwalejin Noman Lambu ta Tarayya ga mai son koyarwa amma ba a jami'a ba. Mai sha'awar dabino ya duba tashar cibiyar binciken kwakwar manja, NIFOR, da ke Dutse, mai sha'awar dankalin turawa ya duba tashar cibiyar binciken rogo da doya da dankali, NRCRI, da ke Kuru kusa da Jos.

Bambancin cibiya da jami'a shi ne a nan bincike ne aikin, ba abin da ake yi bayan an gama lacca ba. Ba ka da jarrabawar da za ka duba, fili na nan, leburori na nan, kuma sakamakonka na iya zama iri mai suna a hannun manomi. Sai dai hanyar na da tsawo: zaɓe, gwaji a tasha, gwaji a garuruwa daban-daban, gwaji a gonakin manoma, sannan kwamitin ƙasa da ke zama a Ibadan ya amince a sake shi. Ta nan ne tumatir ɗin HORTITOM na NIHORT ya bi ya fito a 2023.

Matsalar ita ce ma'auni na shida. Kuɗin gudanar da bincike daga kasafin gwamnati yake zuwa, kasafi kuwa bai san hunturu ba. Albashi zai shigo, amma kuɗin man injin da na leburori ya zo bayan lokacin dashe ya wuce. Cibiyoyin da ke ƙarƙashin ma'aikatar noma ba sa cikin masu cin gajiyar TETFund kai tsaye, abin da ma'aikatansu suka daɗe suna kuka a kai. Ga canjin wurin aiki: ɗan Kano zai iya tsintar kansa a Ibadan ko reshen NIHORT na Mbato a jihar Imo. Matakalar kuma a darakta take ƙarewa, kujerun ba su da yawa.

Akwai wuri guda da ya haɗa biyun, kuma a ganina shi ne mafi dacewa ga ɗan Arewa idan ya samu: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Tun 1922 ake bincike a wurin, a 1962 ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Masu bincikenta malaman jami'ar ne, suna koyarwa, suna zama farfesoshi, ga tashar noman rani a Kadawa a tsakiyar masu tumatir, ga cibiyar NAERLS ta malaman gona a maƙwabtaka. Amma da yake malaman jami'a ne, yajin aiki ba ya tsallake su.

Ga ɗan Nijar lissafin kusan ɗaya ne: ko INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar, wadda ita ma a 1975 aka kafa ta, ko tsangayar aikin gona ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai da ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi. Bambancin shi ne ƙarin girman malami yana bi ta hukumar CAMES ta ƙasashen da ke amfani da Faransanci, don haka muƙaminsa na da daraja a ƙasashe da dama. Kuma ƙasar da ta ba duniya albasar Galmi ba ta rasa abin bincike, daga iri har zuwa yadda za a rage ruɓewa a rudu, wato rumbun ajiye albasa.

Cibiyoyin ƙasa da ƙasa da ayyukan masu ba da tallafi

IITA, cibiyar binciken noman ƙasashe masu zafi, na da hedkwata a Ibadan tun 1967 da tasha a Kano, ICRISAT, mai binciken amfanin gonar busassun yankuna, na da ofis a Kano da babbar tasha a Sadore kusa da Yamai, Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya mai hedkwata a Taiwan tana aiki a Afirka ta Yamma daga Bamako da Kwatano. Ga kuma shirye-shirye masu wa'adi, irin HortiNigeria da Holan ta ɗauki nauyi daga 2021 a jihohin Kano, Kaduna, Ogun da Oyo.

A nan albashi ya fi, mota na nan, kuɗin gwaji na zuwa a kan kari, kuma za ka koyi tsari da rubuta rahoto irin wanda jami'a ba ta cika koyarwa ba. Ɗorewa ce babu. Kwantiragi ne na shekara biyu ko uku, kuma tambayar da za ka bincika mai kuɗin ne ya kawo ta. A farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan hukumarta ta USAID, mutane da yawa a ƙasashe da dama sun wayi gari ba aiki, ba tare da sun yi laifin komai ba. Manyan kujerun bincike kuma sai mai digiri na uku da muƙalu, kana gasa da 'yan Kenya da Indiya da Gana.

Kamfani

Kamfanonin iri, na taki da maganin ƙwari, da masana'antun sarrafa tumatir su ne suka fi ɗaukar sabon ɗan makaranta. Digiri na farko ya wadatar, abin da ake nema shi ne Hausa a baki, juriyar rana, da iya zama da manoma. Aikin galibi kafa gonar gwaji ne a ƙauye, koya wa mutane renon iri a faranti maimakon watsawa a ƙasa, kafa wa tumatir sanda, sannan sayar da kaya. East-West Seed na yin irin wannan a Kaduna da Kano, Zariya kuma cike take da kamfanonin iri na gida irin su Premier Seed.

Cikin shekara biyu a nan za ka san cututtuka da ƙwari da ido fiye da wanda ya shekara biyar a aji. Amma a sani, ba bincike ake biyanka ka yi ba, ciniki ne. Idan irin kamfaninku bai dace da wani yanki ba, ba kai za ka hau mumbari ka faɗa ba. Abin da ka gano mallakin kamfani ne, ba ya zama muƙala, don haka wanda ya daɗe a nan sannan ya so komawa jami'a zai tarar sa'o'insa sun yi masa nisa a matakala. Ɗorewar kuma ta kasuwa ce. Masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, wadda aka gina don ta sarrafa tan 1,200 a rana, ta buɗe a Maris 2016, ba a jima ba ta tsaya saboda ƙarancin tumatir, ta kuma sha buɗewa da rufewa bayan nan. Idan wannan ya samu mai ƙarfi haka, ƙaramin kamfani fa?

Ga 'yan'uwa mata akwai abin dubawa a nan. Aikin fili na kamfani yawo ne, yau Ɗanja gobe Kura, wani lokaci da kwana. Wasu sun riƙe shi sun yi fice, musamman da yake mace ce kaɗai ke iya shiga gida ta koyar da matan aure lambun bayan ɗaki da busar da kayan miya. Amma wadda ke son zama gari ɗaya da iyali, jami'a ko kwaleji ta fi mata sauƙin tsarawa.

Lambun kanka

Nan ne kaɗai babu mai riƙe maka lokaci sai Allah da aljihunka, nan ne kuma kaɗai za ka iya samun a rani ɗaya abin da lakcara ba ya samu a shekara, ko ka rasa jarinka kaf. Farashin shiga kuɗi ne tsaba: fili mai ruwa, na gado ko na haya, rijiya da inji, iri, taki, magani, leburori. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 ban ruwa ya zama babban abin da ke cin kuɗi, shi ya sa masu hali ke komawa injin sola.

Ilimi na da rana a nan, amma ba inda ɗan boko ke zato ba. Manomin Garun Malam ya fi ka iya fitar da tumatir. Inda za ka fi shi shi ne lokaci da lissafi. Daga Janairu zuwa Maris kowa na ɗiba, kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ta cika ta batse, kwando ya faɗi har wani ya gwammace ya yanka ya shanya ya yi kauɗa. Daga Mayu zuwa Yuli kuwa kaya ya yi ƙaranci, farashi ya ninka sau da yawa a kasuwar 'Yankaba ta Kano da Mile 12 ta Legas. Wanda ya san irin da ke jure zafi da damina, ya iya rumfar raga, ya iya ajiye albasa wata huɗu ba ta ruɓe ba, ko ya kafa gandun renon dashe da mangwaro mai aure yana sayar wa manoma, shi ne ya ci moriyar karatunsa.

Haɗari kuwa sai a tambayi waɗanda suka ga 2016. Ƙwaron nan Tuta absoluta, wanda manoma suka laƙaba wa sharon, ya mamaye gonakin tumatir. Da farko fari-farin tabo ne a ganye, idan ka ɗaga shi a rana sai ka hangi 'yar tsutsa tana ci daga ciki, inda feshi ba ya isa gare ta sosai. Kafin mako biyu gona ta koma kamar an babbake ta, 'ya'yan duk huji a gindin hula. Gwamnatin Kaduna sai da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayun shekarar. Ya sake dawowa da ƙarfi a 2023, shekarar da cuta ta cinye cittar Kudancin Kaduna. Ƙara da ambaliya, da rashin tsaro da ya hana mutane fadamunsu a sassan Zamfara da Katsina, da dillalin da zai karɓi kaya ya ce sai ya dawo daga Kudu. Babu fansho, babu hutun rashin lafiya.

A taƙaice a tebur

| Hanya | Farashin shiga | Abin aljihu | Ɗorewa | Babban haɗari | Iko da lokacin shuka |
|---|---|---|---|---|---|
| Jami'a | Digiri na biyu da na uku, shekaru masu yawa | Kaɗan, sai da tallafin bincike | Har shekara 65 ko 70 | Yajin aiki, faɗuwar naira | Matsakaici |
| Cibiyar gwamnati | Digiri mai kyau, na uku daga baya | Kusa da na jami'a | Mai ƙarfi | Makarar kuɗin aiki, canjin gari | Rauni, sai da tallafin waje |
| Cibiyar ƙasa da ƙasa | Digiri na biyu ko na uku, gasa mai zafi | Mai kyau | Iya wa'adin kwantiragi | Yankewar tallafi | Mai kyau, amma tambayar ta wani ce |
| Kamfani | Digiri na farko | Matsakaici zuwa mai kyau | Ta danganta da kasuwa | Sallama, matsin ciniki | Na kamfani ne |
| Lambun kanka | Jari da fili mai ruwa | Daga asara zuwa riba mai yawa | Iya ƙarfinka | Ƙwari, farashi, tsaro | Duka naka ne |

Tebur na nuna su kamar ƙofofi biyar a jere, amma ba duka ake shiga a kowane lokaci ba. Daga jami'a zuwa kamfani ko aikin tallafi hanya a buɗe take ko kana ɗan shekara hamsin, har ma an fi son ka da muƙaminka. Daga kamfani zuwa jami'a kuwa ƙofar tana ƙanƙancewa duk shekara. Digiri na uku ma ya fi sauƙin yi kafin 'ya'ya su shiga makaranta. Lambu shi kaɗai ne ake iya haɗawa da kowanne, domin dokar ma'aikatan gwamnati a Najeriya da ta hana su kasuwanci ta keɓe noma. Ni dai ban ga dalilin da zai sa malamin noman lambu ya zauna ba shi da ko rabin eka nasa ba. Yana rage masa raɗaɗin ƙarshen wata, kuma ɗalibai na gane malamin da ya taɓa yin asara da kuɗinsa tun daga yadda yake amsa tambaya.

Wa ya dace da wace?

Idan tsayuwa gaban aji na faranta maka, kana da daraja ta ɗaya ko babbar ta biyu, nauyin gida bai hau kanka ba tukuna, kuma za ka iya jiran shekara goma sha biyar kafin abin ya yi daɗi, ka nemi jami'a yanzu, ka fi ba wadda ke da gonar gwaji mai ruwan rani muhimmanci a kan wadda ke da sabon gini. Kafin ka karɓi takarda ka je ka ga gonar da idonka a watan Fabrairu. Idan kore ce, akwai aiki a wurin.

Idan burinka ka fitar da iri ko ka magance wata cuta guda, koyarwa kuma ba ta dame ka ba, cibiyar bincike ce taka, da sharaɗin ka koyi neman tallafin waje tun shekarar farko, in ba haka ba za ka shekara kana sa hannu a rajista.

Idan kai ne babba a gida, ƙanne na jiran kuɗin makaranta, kada kunya ta hana ka kamfani ko aikin kwantiragi. Ka ɗauka da wa'adi a ranka, ka yi digiri na biyu a gefe, ka dinga ajiye wani abu saboda ranar da za a ce aiki ya ƙare.

Idan kuma kana da fadama da ruwa da jarin da asararsa ba za ta kai ka ƙasa ba, ka kuma fi jin daɗin ciniki da dillali a kan taron sashe, ka shiga lambu, amma ka fara da abin da za ka iya zagayawa da ƙafa kafin rana ta yi zafi, ka raba shi gida biyu ko uku tsakanin tumatir da albasa da tattasai. Wanda ba shi da fili ko jari ya fara yi wa wani aiki rani biyu tukuna, ya san dillalai da direbobi, sannan ya karɓi haya.